WhatsApp, Slack, Teams ko Zulip: Wanne Zai Fi Tsara Muku Hirar Wurin Aiki?

Ƙarfe 9:10 na safe akanta ya tambaya a guruf ko an amince da farashin da za a ba wani kwastoma. Kafin manaja ya duba wayarsa, mai kula da sito ya turo hotuna shida na kayan da suka iso a fashe, wata ma'aikaciya ta nemi hutun kwana biyu, wani kuma ya saki saƙon murya na minti uku. Ƙarfe 11:40 manaja ya rubuta: "To, a yi hakan." Mutum uku suka ɗauka su aka ba amsa. Bayan wata biyu kwastoma ya ce ba farashin da aka yi da shi ba ke nan, aka shiga laluben waye ya amince, kuma yaushe.

Duk wanda ke neman manhajar hirar aiki, wannan matsalar yake son magancewa ko da bai kira ta da sunanta ba. Tura saƙo kowace manhaja tana yi. Inda suka sha bamban shi ne inda magana ke zama bayan an faɗe ta, da kuma hannun wanda take ciki.

Ma'aunan da za a duba

Na farko, kuma mafi nauyi, shi ne yadda manhaja ke raba magana. Akwai tsari huɗu: layi guda wanda kowane saƙo ke bin na gabansa, zaure (wato channel, ɗakin hirar wani sashe ko aiki) mai zare, inda amsoshi ke rataye a ƙarƙashin saƙon farko, zaure mai rubutu, inda kowace magana ke farawa da kanunta kamar takardar allon sanarwa, sai zaure mai maudu'i, inda ba a tura saƙo sai an faɗi batun da ya shafa.

Na biyu tarihi ne: wata nawa za a iya komawa baya, kuma me sabon ma'aikaci zai gani ranar da ya fara. Na uku mallaka: idan mutum ya bar aiki, hirar tana hannun kamfani ko ta tafi da wayarsa. Sai hayaniyar sanarwa, kuɗi, sauƙin koyo, da kuma hanyar fita idan wata rana kuka so komawa wata manhajar. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa da shi, alhali ranar ƙaura shi ne zai fi ci muku tuwo a ƙwarya.

Farashin da ke ƙasa na jerin kamfanonin ne na shekarar 2025, da dalar Amurka, kowane mutum a wata, kafin haraji.

WhatsApp

Ƙarfinsa a fili yake. Babu kuɗin rajista, babu horaswa, yana tafiya a ƙaramar waya da intanet mai rauni, kuma mutane suna karanta saƙonsa da wuri domin dama can a cikinsa suke wuni. Guruf na ɗaukar mutum 1,024, ana tura fayil har gigabait 2, kuma saƙonni a kulle suke daga waya zuwa waya, ta yadda kamfanin da kansa ba ya iya karanta su.

Tsarinsa dai layi guda ne. Kana iya danna saƙo ka amsa shi, amma amsar tana faɗawa ƙasan layi tare da sauran maganganu. Babu wurin da za ka buɗe ka ga tattaunawar farashin nan ita kaɗai daga farko zuwa ƙarshe. Maganin da mutane ke yi shi ne buɗe sabon guruf ga kowane batu, daga nan sai a wayi gari da guruf goma sha biyar masu mutane kusan iri ɗaya, kowa na tambayar a wanne aka turo takardar. Tsarin Communities da aka fito da shi a Nuwambar 2022 yana tattara gurufan a ƙarƙashin inuwa ɗaya tare da gurufin sanarwa wanda admin kaɗai ke rubutu a ciki. Ya rage watsewa, amma cikin kowane guruf layin nan guda yana nan yadda yake. Saƙo uku kawai ake iya maƙalawa a sama, kuma mafi tsawon wa'adinsu kwana 30.

Ba a nan gizo ke saƙar ba, a wajen mallaka ne. Asusun na lambar wayar ma'aikaci ne. Ka cire shi daga guruf, duk abin da aka tura kafin ranar yana nan a wayarsa: jerin farashi, lambobin kwastomomi, hotunan takardu. Wanda ya maye gurbinsa kuwa ba zai ga cikakken tarihin da ya gabace shi ba. Idan wayar wanda ya fi daɗewa a guruf ta ɓace babu ajiyar kwafi a Google Drive ko iCloud, tarihinsa ya tafi. Haka idan wani ya kunna saƙonni masu ɓacewa bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90 ba tare da an lura ba. Fitar da hira yana ba da fayil ɗin rubutu zalla na saƙonni 40,000 na baya-bayan nan, ko 10,000 idan an haɗa da hotuna, guruf ɗaya bayan ɗaya.

Saƙon murya ma yana da tasa illar. Yana da daɗin turawa, amma umarnin da aka bayar da baki ba ya fitowa idan aka bincika kalma.

Slack

Slack ya fito fili a 2014, kamfanin Salesforce ya saye shi a 2021 kan kusan dala biliyan 27.7. Ginshiƙinsa zaure ne mai alamar # a gaban suna, na kowa ko na keɓe. A 2017 aka ƙara zare: ka danna saƙo, ka amsa a gefe, zauren ya nuna adadin amsoshin kawai. A misalin da aka fara da shi, tambayar akanta za ta zama zarenta daban, hotunan sito nasu daban, "a yi hakan" kuma zai zauna a ƙarƙashin abin da ake nufi.

Sai dai zare zaɓi ne, manhajar ba ta tilasta shi. Mutum biyu da ba su saba ba sun isa su mayar da zaure layi guda irin na WhatsApp. Akwai kuma akasin haka: a yanke shawara mai muhimmanci a amsa ta 43 cikin zaren da mutum huɗu kaɗai ke bi, sauran ma'aikata ba su da labari. Akwai ɗan akwati a ƙasan wurin rubutu da ake dannawa domin amsar ta bayyana a zauren ma. Ya kamata ya zama doka cewa duk hukuncin da aka yanke a zare sai an danna shi. Zare kuma ba shi da kanu, don haka saƙon farko shi ne kanun. "Salam, ina da tambaya" ba zai taimaki mai bincike bayan wata shida ba. "Farashin odar kujeru 200: a amince da ragin kashi 5?" zai taimaka.

Sunayen zaure suna buƙatar tsari tun ran gini. Hanya mafi sauƙi ita ce gajeren prefis na dindindin da ke nuna nau'i, misali sashe-kudi, sashe-talla, aiki-sabon-reshe, taimako-kwamfuta, domin jerin ya tsaru da kansa bisa haruffa. Zauren aikin da ya ƙare a adana shi, kada a goge. Adanannen zaure yana fita daga jeri amma yana fitowa a bincike. Binciken Slack kuwa yana da kaifi: in: yana taƙaita shi ga zaure ɗaya, from: ga mutum ɗaya, before: ga kafin wata rana.

Wajen hayaniya, @channel yana buga wa duk 'yan zaure sanarwa, @here kuma waɗanda ke kan layi a lokacin kaɗai. A zaure mai mutum sama da 30, gara admin ya taƙaita masu ikon amfani da su. In ba haka ba mutane za su kashe sanarwa gaba ɗaya, ranar da abin gaggawa ya taso babu mai ji.

Tsarin kyauta yana da tarko da ya kamata a sani. Saƙonnin kwana 90 na baya kaɗai ake gani, kuma tun Agustan 2024 duk abin da ya haura shekara ɗaya ana goge shi gaba ɗaya, biyan kuɗi daga baya ba zai dawo da shi ba. Manhajoji goma kaɗai ake iya haɗawa da shi. Tsarin Pro dala 7.25 ne idan an biya na shekara, 8.75 idan wata-wata, wato dala 1,740 a shekara ga mutum 20. Da shi ake samun cikakken tarihi da kuma baƙi: kowane ma'aikaci da ake biya wa yana ba da damar baƙi biyar kyauta, kowanne a zaure ɗaya, abin da ke da amfani ga masu aiki da 'yan kwangila. Fitar da bayanai a Pro ya tsaya ga zaurukan kowa. Na keɓe da saƙonnin mutum biyu sai a tsarin Business+, wanda ke gaba da Pro, zuwa sama, kuma sai an nemi izini.

Microsoft Teams

Teams ya fito a 2017, kuma da wuya a saye shi shi kaɗai. Yawanci yana zuwa ne cikin Microsoft 365. Tsarin Business Basic dala 6 ne a biyan shekara, dala 1,440 ga mutum 20, kuma a ciki akwai imel da sunan kamfani, terabait 1 na OneDrive (ma'ajiyar fayil ta intanet) ga kowa, Word da Excel na burauza, da taron bidiyo na mutum 300. Idan dama kuna biyan wannan, hirar ba ta ƙara muku ko sisi ba.

Hawa biyu gare shi: tawaga, sannan zauruka a ƙarƙashinta. A tsarinsa na asali kowace magana a zaure rubutu ce mai iya ɗaukar kanu, amsoshi na taruwa a ƙarƙashinta. Wannan ya fi zaren Slack tsafta ga sanarwa da batutuwa masu ɗaukar kwanaki, amma yana da nauyi ga 'yar gajeriyar tambaya. Shi ya sa a ofisoshi da yawa mutane ke guje wa zaure su koma ɓangaren hira ta keɓe, su haɗa mutum huɗu ko biyar. Nan ne Teams ya fi lalacewa. Hirar keɓe ba ta da tsari, ba kowa ke ganin ta ba, kuma wanda aka ƙara daga baya zai ga tarihi ne kawai idan mai ƙara shi ya zaɓi hakan.

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba. Fayil ɗin da aka ɗora a zaure yana zama a SharePoint, wato ma'ajiyar fayilolin tawagar, mallakin kamfani. Wanda aka tura a hirar keɓe kuwa yana zama a OneDrive na wanda ya tura shi. Idan ya bar aiki aka goge asusunsa, bisa saitin asali kwana 30 ake riƙe OneDrive ɗinsa. Bayan nan abokan aikinsa za su ga sunan fayil ɗin a hira, su danna, ya ƙi buɗuwa. Don haka dokar farko a Teams ita ce duk takardar aiki a zaure ake ɗora ta, ta biyu kuma a kwashe OneDrive na mai tafiya kafin wa'adin ya cika.

Kuskure na biyu shi ne barin kowa ya buɗe tawaga. Kowace sabuwar tawaga tana zuwa da rukuninta da shafinta na SharePoint, kowane zauren keɓe ma da nasa shafin daban. Cikin shekara guda sai a tarar da tawagogi uku masu suna kusan ɗaya, fayiloli a warwatse. Kamfani mai mutum 20 zuwa 50 tawaga ɗaya ko biyu sun ishe shi, sassa su zama zauruka.

A wajen iko da bin doka Teams ya yi wa sauran nisa: rufe asusu ɗaya yana rufe imel, fayil da hira a lokaci guda, ana kuma iya saita tsawon lokacin da za a riƙe saƙonni. Kuɗin wannan shi ne nauyi. Manhajar kwamfuta tana son aƙalla gigabait 4 na RAM, saitunan admin suna da yawa, kuma kwashe tarihin hira zuwa wata manhajar aikin masani ne, ba danna maɓalli ɗaya ba.

Zulip

Shi ne mafi ƙarancin suna a cikinsu, amma a kan ainihin batun tsara hira ya cancanci a tsaya a kansa. An fara shi a 2012, Dropbox ya saye shi a 2014, ya kuma saki lambobin da aka gina manhajar da su ga kowa a 2015. A Zulip kowane zaure ya kasu zuwa maudu'ai, kowanne da ɗan gajeren suna da bai wuce haruffa 60 ba. A zauren kuɗi za ka ga "farashin odar kujeru", "albashin Maris", "rasit ɗin mai", kowanne da hirarsa.

Abin da ya bambanta shi shi ne ana gyara kuskure bayan an yi shi. Wani ya jefa maganar hutu cikin maudu'in farashi? A ɗauke saƙon a mayar da shi inda ya dace, ko a wani zauren ma. Magana ta rabu biyu? A tsaga ta, a ba rabin sabon suna. An gama batu? A sa masa alamar an warware, ya zauna da ✔ a gaban sunansa. Wanda ya dawo daga hutun mako biyu ba sai ya karanta saƙo 600 a jere ba; zai ga jerin maudu'ai 30, ya buɗe bakwai da suka shafe shi, ya yi shiru da sauran. Ga ma'aikatan da ba sa zama kan layi lokaci ɗaya, babu tsarin da ya kai wannan.

Wahalarsa tana makon farko. Sa wa magana suna kafin a faɗe ta baƙon abu ne ga wanda ya saba da WhatsApp, kuma sai an samu mutum ɗaya ko biyu da za su riƙa gyara maudu'ai da haƙuri har kowa ya saba. Ba shi da kiran bidiyo nasa na kansa, yana jingina da Jitsi, Zoom ko BigBlueButton. Manhajojin da ke haɗuwa da shi ma ba su kai na Slack yawa ba.

Tsarin kyauta a sabar kamfanin Zulip, wato kwamfutar da ke riƙe bayanan, yana ba da bincike cikin saƙonni 10,000 na baya da gigabait 5 na fayil. Kada adadin ya ruɗe ku: mutum 20 masu tura saƙo 25 a rana, kwana biyar a mako, za su cinye 10,000 cikin mako huɗu. Tsarin Standard dala 6.67 ne a biyan shekara, 8 wata-wata, wato dala 1,600 ga mutum 20. Ana kuma iya ɗora shi a sabarku mai babbar manhajar Ubuntu ko Debian, gigabait 2 na RAM sun isa ƙaramar tawaga. Sai dai duk wanda ya ɗauki wannan hanya ya ɗauki nauyin sabuntawa da ajiyar kwafi a wata na'ura daban, tare da gwada dawo da kwafin lokaci-lokaci. Hanyar fita a buɗe take: yana shigo da tarihi daga Slack, ana kuma iya ƙaura daga sabar kamfanin zuwa taku.

| Ma'auni | WhatsApp | Slack | Teams | Zulip |
|---|---|---|---|---|
| Raba magana | layi guda | zaure da zare, zaɓi ne | zaure da rubutu mai kanu | zaure da maudu'i |
| Tarihi a kyauta | abin da ke waya | kwana 90 | ya danganta da rajista | saƙo 10,000 |
| Mallakar asusu | ma'aikaci | kamfani | kamfani | kamfani |
| Mutum 20 a shekara | babu kuɗi | dala 1,740 | dala 1,440, da imel da ajiya | dala 1,600 |
| Koyo | nan take | kwana biyu zuwa uku | mako ko fiye | mako, da mai gyara |
| Babban haɗari | bayanai su tafi da waya | gogewa a kyauta, hukunci ya ɓuya a zare | fayil a hirar keɓe | mutane su ƙi sabawa |
| Fita | rubutu zalla | zaurukan kowa | sai da masani | a buɗe |

Akwai biyu da ba su shiga teburin ba. Telegram yana da maudu'ai a cikin guruf tun 2022, sabon shiga na iya ganin tarihi idan admin ya bari, kuma kyauta ne. Amma asusun na mutum ne ba na kamfani ba, hirar guruf kuma ba a kulle take daga waya zuwa waya ba. Google Chat kuwa matsayinsa ga masu Google Workspace daidai yake da na Teams ga masu Microsoft 365.

Wa ya dace da wanne

Idan ba ku kai mutum goma ba, aikinku na yau-da-yau ne, yawanci a waje da waya a hannu, kuma maganar jiya ba ta da amfani gobe, ku zauna a WhatsApp. Ku yi guruf uku kacal: sanarwa wanda admin kaɗai ke rubutu, aiki, da hira. Admin ya zama layin kamfani, a hana kowa canza saitin saƙo mai ɓacewa, duk wani farashi ko yarjejeniya kuma a kwafe ta zuwa imel ko takardar da kamfani ya mallaka a ranar da aka yi ta.

Idan kuna biyan Microsoft 365, ku fara da Teams kafin ku kashe kuɗi a wani wuri, musamman idan aikinku takardu ne da taruka, ko doka ta wajabta muku adana bayanai. Sharaɗin shi ne a samu mai kula da shi, a taƙaita masu buɗe tawaga, a kuma dage kan zaure maimakon hirar keɓe.

Idan aikinku na sauri ne, kowa na kan layi lokaci ɗaya, kuna amfani da manhajoji da yawa da kuke son su riƙa turo sanarwa wuri guda, ko kuna yawan aiki da mutanen waje, Slack ya fi dacewa, amma da niyyar biya. Tsarin kyauta a ɗauke shi gwaji na wata biyu, a yanke shawara kafin kwana 90 su cika.

Idan ma'aikatanku suna garuruwa ko ƙasashe daban-daban, ko wasunsu na wucin gadi ne da ke leƙowa sau biyu a mako, ko tattaunawarku doguwa ce mai buƙatar a dawo mata bayan watanni, ku ɗauki Zulip. Haka ma idan wajibi ne bayananku su zauna a sabarku, muddin kuna da wanda zai kula da ita.

Wanda har yanzu yake tsakanin biyu, ya ɗauki sashe ɗaya mai mutum biyar zuwa takwas, su yi mako biyu a kowace manhaja da aikin gaske. A ƙarshen kowane zagaye a ba wani da bai shiga hirar ba tambayoyi uku, irin su wa ya amince da kaza, a ina sabon kwafin takarda kaza yake, me aka tsayar kan batu kaza, a duba minti nawa ya ɗauka kafin ya samo amsar ba tare da ya tambayi kowa ba.